Hannun Malam Haliru

Shafi na 23

Kwana uku ke nan da mahara suka afka wa ayarin Madugu Barau a mashigin Kuka Biyu, kan hanyar Tsaskiya, kuma Batsari ba ta da wata hira sai ta gawa goma sha ɗaya. Da yake zauren Malam Haliru mai littattafai nan ne labari ke sauka ya sha ruwa kafin ya shiga kasuwa, tun da hantsi tabarmarsa ta cika da masana. Sammani mahauci, wanda bai taɓa wuce gonakin bayan gari ba, shi ya fi kowa sanin yawan maharan. Ɗari uku ya ce, ban da masu riƙe dawaki.

Malam yana zaune inda ya saba, bayansa jingine da bango, gafakokin littattafai rataye bisa kansa, idonsa a ƙasa. Mutanen gari suna cewa tsoron Allah ne ya hana shi kallon fuskar mutane. Gaskiyar maganar, shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, haske kawai yake gani da inuwa. Mai saye, da tarinsa Malam yake gane shi, littafi kuwa da nauyinsa da ɗinkin gafakarsa. In aka ce ya karanta, sai ya buɗe ya zuba daga ka, a yi ta kabbara. Duk littafin da ya fita zauren nan cikin shekarun huɗu, matarsa Saude ce ta rubuta shi a ƙuryar ɗaki, da irin hannun da ya koya mata har ba a bambancewa. In ta kai ƙarshe ta sa sunansa. Su biyu suka sani, sai Allah.

Hira ta mutu a tsakiyar magana.

Malam ya ji takalma da yawa, ya ji kibau suna kaɗawa cikin kwari. Masanan da ke kan tabarma suka tuna, duk a lokaci guda, cewa sun bar aiki a gida.

Ba a yi sallama ba.

"Haliru."

Muryar Barde Salmanu ce, shugaban 'yan bakan mai gari. Ƙanensa Ɗanjuma yana cikin sha ɗayan nan.

"Barde, barka da hantsi. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan..."

Kulki ya ƙarasa masa addu'ar. A baki ya same shi. Ƙeyarsa ta bugi bango, ya ji wani abu mai tauri yana yawo a kan harshensa, ya tofar. Haƙori ne. Ya yi shekara hamsin yana masa aiki bai taɓa ciwo ba.

"Ku sauke su duka," in ji Barde.

Littafin ƙasar nan ba a ɗinke shi. Fallaye ne a jere, fata ta rufe su, igiya ta ɗaure. Saboda haka da wuƙa ta bi ta kan gafaka ta farko, sai Malam ya ji takardu suna sauka kamar tantabaru. Ta biyu, ta uku. Fiƙihu ya shiga nahawu, waƙoƙin wa'azi suka shiga lissafin gado. Ilmin da malamai suka yi shekaru aru-aru suna rarrabewa ya haɗu wuri guda ƙarƙashin takalman 'yan baka. Wani ya yi ƙafa da kurtun jar tawada, ya fashe a jikin bango.

"Barde. Barde, ba haka alƙali ya ce ba."

Wanda ya shigo yana haki Malam Uwaisu ne, magatakardan alƙali, da aka turo daga Safana don a yi abin bisa shari'a. Tare suka yi karatu da Haliru a birnin Katsina, shekara takwas akushi ɗaya. Mutumin kirki ne. Irin mutanen kirkin nan da in gidanka ya kama wuta za su zo a guje ɗauke da man gyaɗa, zuciyarsu fara tas.

"Alƙali ya ce a tambaye shi. Bai ce a fasa mashi baki ba."

"Tambayar ke nan na fara," in ji Barde.

Aka kama Malam ta wuyan riga aka ja shi tsakiyar zaure. Barde ya tsuguna gabansa. Warin zufa da doki da kwana uku ba barci ya daki hancin Malam.

"Mun kashe ɗaya daga cikinsu a mashigi. Ɗaya tak. Akwai laya a wuyanshi. Na ce a farke ta in ga asirin da suka dogara da shi. Ashe asirin a garinmu ake rubuta shi. Karanta mashi, Malam Uwaisu."

Takarda ta yi ƙara. Uwaisu ya gyara murya sau biyu kafin ta fito.

"Bayan gaisuwa. Ayari zai tashi ran Lahadi bayan asuba. Ba ta babbar hanya ba, ta Kuka Biyu. Jakai arba'in. 'Yan baka shida ne kawai."

"Shida," in ji Barde. "Na shidan ƙanena ne. Wuri biyu na tsince shi, Haliru. Na sa shi cikin rigata na naɗe, kamar nama."

Barde ya ƙara matsowa.

"Liman ya duba takardar. Malamai biyu sun duba. Suka ce ko jakin da ya taɓa ɗaukar littattafanka ya san wanga hannu. Kuma ranar tafiya, wa ya sani? Fataken kansu sai daren tashi aka faɗa masu. Mutum guda Madugu ya zo wurinshi ya duba mashi ranar sa'a. Wane ne?"

"Ni ne."

"Ka kuwa duba mashi. Sa'a ta yi kyau."

Malam ya tuna ranar. Madugu ya rage murya, ya faɗi hanya, ya faɗi yawan jakai da na 'yan baka don a rubuta masa layar tsari. Kuma kamar kullum, Saude tana zaune bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, tana saurare, don ita ce za ta yi rubutun. Sai ya tuna Hashimu, ɗansu guda a duniya, da mahara suka ɗauke a gona bara da kaka. Abu biyun suka haɗu a kansa, ya so su rabu, suka ƙi.

Takobi ya fara fitowa daga kube.

"Tsaya," in ji Uwaisu. "Hannu yana kama da hannu. Mai hassada yana iya kwaikwayo. Ba a zubar da jinin musulmi a kan kama. Ga hanya mai sauƙi: a ba shi takarda, ya rubuta wannan magana nan gabanmu, a jera su biyu. Shekara talatin na san rubutun mutumin nan. In kwaikwayo aka yi, zan nuna maku inda mai kwaikwayon ya yi tuntuɓe."

Ya dafa kafaɗar Malam, ya matsa ta, irin matsar da ke cewa kada ka damu, ina nan.

Malam ya damu.

In ya ɗora alƙalami a takarda yau, layi zai hau layi kamar sawun kaji a taɓo. Kowa zai ga makaho ne. Za a wanke shi tas, a ba shi haƙuri, wataƙila mai gari ya aiko da rago. Sa'an nan wani ya yi tambayar da ke biye, kuma amsarta tana bayan asabari.

"To, a ba shi," in ji Barde.

"Da nashi alƙalamin," in ji Uwaisu. "Kada a ce alƙalami ne ya sauya hannun. Ka bar shi ya shiga ya ɗauko. An kewaye gidan, ina za shi?"

Barde ya dubi asabarin. Zai iya fasa bakin malami da hantsi, amma shiga cikin gidan matan aure abu ne da iyayensa suka hana shi.

"Kafin in gama shan ruwa," ya ce.

Taku goma sha huɗu ne daga asabari zuwa ƙofar ɗaki. Malam ya yi su yana ɗigar da jini a kan hanya. Ya ji numfashinta kafin ya ga inuwarta.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Ke ce?"

Ta jiƙa bakin zanenta a randa, ta fara share masa haɓa. Ya riƙe hannun. Yatsu uku masu kanta, inda alƙalami ke zama.

"Saude."

"Ni ce."

Ya zauna bakin gado.

"Wata mai tallar nono ta zo, kana masallaci," ta ce. "Ta ajiye mani ƙunshin ganye ta ce in buɗe in ta tafi. Yatsa ne. Ƙaramin na hagu, mai tabon lauje. Ni na ɗaure ciwon nan da hannuna yana shekara tara."

"Ina yake?"

"Gindin rumbu. Na yi mashi likkafani."

"Ba ki faɗa mani ba."

"Da na faɗa, cewa za ka yi a yi haƙuri."

"Haka zan ce."

"Shi ya sa."

A waje wani ɗan baka yana dariya, wani abu kuma ya fashe.

"Ta dawo bayan mako," in ji Saude. "Ta ce kowane wata za a aiko da guda, har a kai ga wuya. Ko kuwa in ba su ranar ayari. Sun ce kaya kawai za su kwasa, ba za su taɓa rai ba."

"Ɓarawo ya yi maki alkawari."

"Ya yi."

"Kin kuwa sa ya rantse?"

"Kada ka yi mani ba'a, Malam. Na san yawansu. Na san uwayensu. Tasalla uwar Ɗanjuma tare muke zuwa barka. Kwana uku ban haɗiyi komai ba ya zauna."

"Mutum sha ɗaya, Saude."

"Hashimu ne."

Ya ɗago. Ɗan fari ne, kuma tun ran da aka raɗa masa suna ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba. Yaron nan take cewa, ko wancan. Shekara ashirin da shida ta riƙe kunyarta, yau ta sake ta a ƙasa kamar ƙwarya.

"Sun sako shi?"

"Sun ce bayan kwana uku."

"Yau ke nan."

"Yau. Tun asuba kunnena yana ƙofa. Da na ji takalma na miƙe."

Daga zaure Barde ya buga wani abu a bango. "Haliru, na gama shan ruwan."

Ta sa masa alƙalami a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Fita ka rubuta. Su ga ba ka gani. Sauran nawa ne."

"A'a."

"Ba ka san komai ba. Ba ka yi komai ba."

"Shekara huɗu kina rubuta sunana a ƙarshen littafi. An yabi hannun nan a Tsaskiya, an yabe shi a birni. Wani Balarabe ya sumbace shi. Na miƙa mashi ban ko yi tari ba. Yau hannun ya kawo abin da ba yabo ba, sai in ce na maƙwabta ne?"

"Wannan ba jarumta ba ce. Girman kai ne."

"Da shi kika aure ni."

"Malam..."

"In yaron ya dawo, wa zai tarar? Makaho da ba ya iya dama mashi fura? Zauna. Kome kika ji, kada ki taɓa asabarin nan. Ban taɓa yi maki umarni kin bi ba, ki gwada yau ki ji yadda abin yake."

Ya fita. Taku goma sha huɗu.

An share masa wuri cikin tarkacen littattafansa. Uwaisu ya zaunar da shi, ya ɗora masa allo a cinya da farar takarda bisa, ya ajiye kurtun tawada a damansa. Ƙofar zaure ta yi duhu da mutane. Masanan sun dawo. Aikin da suka bari a gida, ashe ba na gaggawa ba ne.

"Bismillah," in ji Uwaisu. "Zan riƙa faɗa, kana rubutawa."

Malam ya ajiye alƙalamin.

"Kada a ɓata takarda. Daga Gadamas take zuwa, wata huɗu bisa raƙumi. Ni na rubuta."

Ƙofar zaure ta ɗauki salati.

"Ni na rubuta, ni na ɗinke ta cikin laya, ni na aika. Barde, ga ni."

"Ban karɓa ba," in ji Uwaisu.

"Uwaisu."

"Ban karɓa ba. Iƙirarin wanda jini ke zuba a bakinshi ba ya shiga gaban alƙali. Tsoro ne ke magana. Na san ka, Haliru. Kai da ko fara ba ka iya kashewa? Rubuta kawai. Gaskiya za ta yi halinta."

Abin da Malam yake gudu ke nan.

Ya lalubi gefen buzunsa a hankali. Dutsen da ake murza takarda da shi don ta yi santsi yana nan inda yake zama, baƙi, sumul, ya cika tafin hannu. Ya tura shi da gwiwa, kamar ba da gangan ba, har ya ji ya tsaya a jikin takalmin Barde. Hausawa sun ce in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka. Malam nasa dutsen a ƙafar wani ya ajiye shi.

Ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan allon, yatsu a buɗe.

"Barde, in tambaye ka. Ɗanjuma, ta ina aka sare shi?"

Malam bai jira amsa ba.

"Don an faɗa mani duk raunin a baya yake."

"Haliru, rufe bakinka," in ji Uwaisu.

"Tambaya ce. An ce da maharan suka fito, biyar sun ja baka, na shida ya ja wando. An ce har jakai ya tsere wa. Ni da na rubuta shida, ashe na ƙara. Biyar ne da mai gudu."

Ba wanda ya faɗa masa haka. Ɗanjuma yaro ne mai ladabi, yana cire takalmi tun daga bakin hanya in zai gaishe shi. Malam ya nemi gafararsa a zuci, ya ci gaba.

"Gado ne ko? Don na tuna ubanku a yaƙin..."

Bai ga dutsen ya tashi ba. Saukarsa ya ji.

Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Allon da ke ƙarƙashi ya tsage. Zafin bai zo nan take ba, sai da dutsen ya sauka na biyu suka iso tare. Ya ji wata murya tana kuka irin na akuyar da wuƙa ta dakushe a wuyanta, ya ɗauki lokaci kafin ya gane tasa ce. Na uku ya sauka a wuyan hannu. Mutane suna ta faɗuwa kan juna a ƙofa, Uwaisu yana kiran sunan Allah da na alƙali a haɗe, 'yan baka biyu suna kokawar riƙe ubangidansu.

Malam ya kife a kan takardu. Ya taɓa hannun da na hagu. Abin da ya taɓa jaka ce mai ɗumi cike da tsakuwa.

Ya kasa kunne wajen asabari. Bai motsa ba.

Madalla. Hannun nan ba zai sake riƙe ko tsinke ba. Ba gwaji, ba jera takardu. Saura abu guda, shi kuma Barde ya iya shi.

"Ku sake ni," in ji Barde. Muryarsa ta kwanta, abin da ya fi tsawa muni. "Ya faɗa da bakinshi sau biyu. Ku ja shi waje. Ba na son jinin kare ya taɓa sunan Allah."

Aka kama ƙafafunsa.

"Tambaya guda," in ji Uwaisu.

"Ka yi tambayoyinka sun isa."

"Guda, Barde. In ya amsa, ni da kaina zan shaida wa alƙali an yi daidai."

Muryar Uwaisu ta sauya. Ba rawa a cikinta. Malam ya san muryar nan tun suna samari, ita ce wadda yake yi in ya gano bakin zaren mas'alar da ta gagari aji. Ya ji takarda tana motsi. Aka ɗago kansa, wani fari-fari ya tsaya gaban idonsa.

"Haliru, dubi nan da kyau. Ita ce wasiƙar da ka rubuta?"

"Ita ce."

"Ka duba fa. Rai ne."

"Na ce ita ce. Ban san rubutuna ba?"

"Karanta mani layin farko."

Abu mai sauƙi ga mutumin da ya yi shekara huɗu yana karatu da ka. Ya tsayar da ido kan farin, ya bi shi daga dama zuwa hagu kamar yadda ya saba yi wa masu saye.

"Bayan gaisuwa. Ayari zai tashi ran Lahadi bayan asuba." Ya haɗiye jini. Sai ƙwarewa ta ja shi ya ƙara gishiri. "Ga ma inda tawada ta ɗiga mani, nan gefe."

Ba wanda ya yi magana.

Malam ya san shiru iri-iri, da su yake gane abin da ke fuskar mutane. Wannan bai taɓa jin irinsa ba.

"Malam," in ji Sammani mahauci daga ƙofa, a hankali, "takardar nan ai ba komai jikinta."

"Alhamdu lillahi," in ji Uwaisu, yana kuka. "Alhamdu lillahi. Fara ce, Barde. Daga cikin sababbi na zaro ta. Sa'ad da ka ɗaga dutsen nan, duk wanda ke zauren nan ya runtse ido, har mutanenka. Shi bango yake kallo. Ko yatsa bai janye ba. Na ce a raina wanga ba ƙarfin hali ba ne." Ya rungume kan Malam a ƙirjinsa. "Makaho ne. Abokina makaho ne, jama'a. Bai rubuta komai ba. Ba ya iyawa. Haba Haliru, don kunyar a ce ka makance za ka ba da wuyanka?"

"Uwaisu," in ji Malam cikin rigarsa, "Allah ya isa."

"Zafi ne ke sa shi. Ku kawo ruwa. A kira maɗori."

Ba wanda ya tafi kiran maɗori.

Barde Salmanu bai san alif ba ko da ta kai tsawon mashi. Amma ba a ba mutum 'yan baka don ya iya karatu.

"Tun yaushe?" ya ce.

Barde ya sunkuyo kusa da fuskar Malam.

"Idon nan ba jiya ya mutu ba. Tun yaushe?"

"Ai daga ganin yanar," in ji Uwaisu, yana buɗe masa fatar ido da yatsa, yana murna, "ta yi shekara uku, ko fi..."

Nan ya tsaya. Malam ya ji hannun da ke riƙe da kansa ya yi sanyi.

"Shekara uku," in ji Barde. "Watan jiya liman ya karɓi sabon littafi a zauren nan. Ni na raka shi. Tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Hannu ɗaya da na layar, haka liman ya ce." Takalmansa suka taka takardu, taku ɗaya, biyu. "Malam Uwaisu, kai mai ilmi ne. Makaho bai rubuta ba. Ɗanshi yana daji. Ba shi da almajiri, ba shi da bara. Mutum nawa ne a gidan nan?"

Uwaisu ya buɗe baki. A karo na farko tun hantsi, bai sami taimakon da zai yi ba.

"Aljanu ne," in ji Malam. "Ina da aljanu. Su ke yi mani."

"To, bari in gaishe su."

Takalman suka nufi asabari. Tarbiyyar iyaye ta kai Barde har nan, daga nan kuma ta ƙare.

Hannu ɗaya ya rage wa Malam. Ya ja ciki a kan takardu, ya yi jifa da shi cikin duhu, ya dace da idon sawu. Ya riƙe. Dunduniya ta sauka a fuskarsa, bai saki ba. Ta sake sauka, hancinsa ya ba da ƙara, bai saki ba. Ya sa sauran haƙoransa a kan ƙwaurin.

"Ashe kana son ka rasa hannun duka biyu," in ji Barde.

Takobi ya fito daga kube, wannan karon har ƙarshe. Wani ya take masa gwiwar hannu a ƙasa don saran ya zauna daidai.

Asabari ya yi ƙara.

Malam ya san tafiyar. Shekara talatin da ɗaya yana jin ta. Ta taka fallayen da ta rubuta da kanta, ba ta kauce masu ba, ta tsaya daidai kansa.

"Koma," ya ce. "Saude, koma."

Ba ta ko dube shi ba, ya ji haka daga inda muryarta ta nufa.

"Sauke takobinka daga kanshi, Salmanu," ta ce. "Hannun da kake nema ga shi nan."